Madubi Biyu Sun Isa A Koyar Da Kusurwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana malaman lissafi na ƙananan sakandare, musamman masu kukan rashin kayan aiki.

Yaro zai zana kusurwa mai digiri 60 da ma'aunin da ke cikin akwatin lissafinsa, amma tambaye shi amfaninta, sai ya yi zuru. Ni da gutsuren madubi biyu nake koyar da darasin, irin waɗanda masu yankan gilashi ke zubarwa. A liƙe gefensu da salatif don kada su yanki yara, a haɗa su kamar bangon littafi, a tsayar a kan tebur, a sa goro ɗaya a tsakani. In an buɗe su digiri 90, goro uku za a gani a ciki, ban da na gaske. A matse zuwa 60, su zama biyar. Zuwa 45, bakwai. Ba na faɗa musu ƙa'idar. Nakan bar su su yi ta ƙirga suna gardama, har wani ya lura cewa in ka raba 360 da kusurwar, ka cire ɗaya, ga amsa. Sau da yawa ma 'yan bayan aji ne ke fara ganowa.

Daga nan sai mu fita gindin darbejiya. A kwantar da madubi a ƙasa, yaro ya ja da baya har ya hango kan bishiyar a ciki. Tun da kusurwar da haske ya sauka da ita yake tashi, lissafin ya zo da sauƙi: in tsayinsa zuwa ido mita 1.5 ne, tsakaninsa da madubi mita 2, madubi zuwa gindin bishiya mita 8, to bishiyar mita 6 ce, ba tare da kowa ya hau ba. Nakan shaida musu cewa Ibnul Haisam, masanin kimiyya haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040 Miladiyya, irin wannan bincike ya yi a kan haske da madubi.

Roƙona ga shugabannin makarantu: in sun ga malami ya fita da aji gindin bishiya, don Allah kada a ɗauke shi mai gudun aiki, a ƙarasa a ga abin da yaran ke aunawa.

Naka,
Malamin lissafi, Funtuwa.