Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Masu Koyon Sarrafa Jirgi Maras Matuƙi

'Yan uwa membobi, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da rahoton ayyukan shekarar da ta ƙare, wadda mafi yawan aikinta ya tafi kan sababbin shiga, wato waɗanda suka mallaki jirginsu na farko amma ba su taɓa ɗaga shi ba.

Ƙa'idar da aka bi ita ce kowa ya fara da manhajar kwaikwayo a kwamfuta har hannunsa ya saba da sandunan rimot, ta hagu ta hawa da sauka da juyawa, ta dama kuma ta gaba da baya da gefe. Daga nan sai a fita buɗaɗɗen fili, a sanya wa farfela kariya, a ce ya tsayar da jirgin cak a daidai tsayin mutum ba tare da ya yi ta yawo ba. Wasu sun yi ƙorafin cewa ana ja musu rai, sai dai kwamitin bai sassauta ba, domin mafi yawan farfelar da ta karye a wajen atisaye ta karye ne a lokacin da hancin jirgi ya juyo ya fuskanci mai riƙe da rimot, damar jirgin ta koma hagun mai rimot, ya tura sanda don ya kauce wa bishiya sai ya kai jirgin cikinta. Magana ba ta gyara wannan ruɗani, sai maimaitawa a ƙasa-ƙasa, inda faɗuwa ba ta da tsada.

An kuma ba batir zama na musamman. An nuna wa membobi yadda batir mai kumburi yake, aka hana amfani da shi kwata-kwata, aka kuma jaddada cewa ba a barin batir a caji babu mai lura, kuma idan za a ajiye shi na kwanaki a bar shi da kusan rabin caji. Haka nan an yi bayanin iska, wadda ta fi ƙarfi a sama fiye da yadda ake jin ta a ƙasa: wanda ya bi iska ya yi nisa zai dawo yana kokawa da ita da batir da ya riga ya yi rauni. Maɓallin komowa gida, wanda ke sa jirgi ya dawo da kansa inda ya tashi, shi ma ba abin dogaro ba ne sai jirgi ya kama siginar GPS, wato siginar tauraron ɗan adam da ke nuna masa inda yake, kafin tashi, kuma an saita tsayin komowar sama da gine-gine da turakun lantarki.

Game da doka, an tunatar da membobi cewa ƙasashe da yawa sun ƙayyade tsayin tashi a mita 120, suna kuma neman rajista daga nauyin giram 250, tare da sharaɗin kada jirgi ya ɓace wa idon mai sarrafa shi, amma wajibi ne kowa ya duba dokar ƙasarsa. An kawo misalin filin jirgin saman Gatwick na Ingila, wanda aka rufe fiye da kwana guda a Disamba 2018 saboda rahotannin ganin irin waɗannan jirage a kusa da shi.

A shekara mai zuwa za a ƙara atisayen saukar da jirgi da sandunan rimot kawai ba tare da taimakon GPS ba, kuma ana roƙon tsofaffin membobi su ba da sunayensu ga sakatare domin a haɗa kowannensu da sabon shiga guda ɗaya.