Bin Salsalar Mutanen Ayilan da Sikotlan a Cikin Tsofaffin Takardu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda jikokin mutanen Ayilan da Sikotlan, waɗanda suka bazu a Amurka da Kanada da Ostareliya da biranen Birtaniya, suke neman asalinsu, da kuma yadda da yawa daga cikinsu suke sakin reshe su kama ganye. Abin da na gani da idona shi ne, mai neman asali a waɗannan ƙasashe biyu yana dacewa ne idan ya gano ƙauyen da kakansa ya fito, kuma sunan ƙauyen ya fi samuwa a takardun haraji da na neman taimako da na mutuwa, waɗanda kowa yake rainawa.

Lokacin da nake karatu a Glasgow na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa, wadda ta riƙe ni riƙon ɗa har nake kiran ta Mama. A falonta akwai wata takarda cikin gilashi da ta saya a shagon masu yawon buɗe ido, an zana garkuwa da zakuna, an kuma rubuta cewa masu sunan danginta jinin sarakuna ne. Duk abin da ta sani game da kakan mahaifinta shi ne ya fito daga lardin Donegal na Ayilan yana saurayi, ya yi aikin ƙarfi a Glasgow har ya mutu. Ba ta san ƙauyensu ba, ba ta san sunan uwarsa ba. Wannan takarda ta bango ba ta ƙare ta da komai ba, domin a ƙa'idar Sikotlan tambarin gida mallakar mutum ɗaya ne da magajinsa, kotun Lord Lyon da ke Edinburgh ce ke bayar da shi, kuma haɗa suna da mai tambari bai ba kowa ikon ɗaukarsa ba. Haka ma yadin nan mai layi-layi da ake cewa kowace zuriya tana da nata: tsarin ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, musamman bayan ziyarar da Sarki George na Huɗu ya kai Edinburgh a 1822.

Shi kansa sunan dangi ba abin jingina ba ne. A tsaunukan Sikotlan talakawa da dama sun ɗauki sunan shugaban da suke zaune a ƙasarsa ba tare da sun haɗa jini da shi ba. A Ayilan kuwa mutane sun yi ta zubar da Ó da Mac daga gaban sunayensu a zamanin da harshen Ingilishi ya danne nasu, wasu kuma aka fassara musu sunan ɗungurungum, har Mac Gabhann, wato ɗan maƙeri, ya koma Smith a wani gida, ya koma McGowan a wani. Ga kuma magatakarda, wanda yake rubuta abin da kunnensa ya ji daga bakin mutumin da bai iya karatu ba balle ya gyara masa. A binciken da muka yi ni da Mama mun tarar da sunan gidansu a rubuce iri uku, duk na mutum ɗaya.

Daga ɓangaren Sikotlan muka fara, kuma duk mai irin wannan nema ina ba shi shawarar ya fara daga inda kakansa ya mutu, ya riƙa komawa baya sannu a hankali. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotlan ranar 1 ga Janairun 1855, shekara goma sha takwas bayan Ingila, amma jinkirin ya zama alheri, domin takardunsu sun fi na Ingila cika nesa ba kusa ba. Takardar mutuwa tana ɗauke da sunan mahaifin mamaci da sana'arsa, da sunan mahaifiyarsa har da sunan gidansu kafin ta yi aure. Takardar haihuwa kuma, in ban da shekarun 1856 zuwa 1860, tana faɗin rana da wurin da iyayen suka yi aure. Ma'anar wannan ita ce, mutumin da aka haifa a Ayilan tun kafin a fara rubuta haihuwa a can, idan ajalinsa ya same shi a Sikotlan, takardar mutuwarsa za ta ba ka sunayen iyayen da ba su taɓa ƙetare teku ba. Haka ta faru da mu. A shafin ScotlandsPeople, wanda hukumar adana takardun ƙasar take gudanarwa, ana duba jerin sunaye kyauta, a biya kuɗi kaɗan a ga hoton takardar, kuma a nan Mama ta fara ganin sunan uwar kakan mahaifinta. Ta cire tabarau ta goge, ta maimaita sunan sau biyu, ta ce ashe sunan da aka sa wa yayarta ke nan, ba wanda ya taɓa gaya musu dalili. Dalilin kuwa sananne ne a ƙasashen biyu: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'ya'ya mata ma su ci sunayen kakanninsu mata, suna ya yi ta yawo a gida har a manta mafarinsa. Al'ada ce ba doka ba, amma tana haska hanya.

Kafin 1855 sai a koma littattafan coci, waɗanda mafi daɗewarsu na gundumar Errol ne, daga 1553. A nan aiki yake fara tsauri, domin wasu gundumomin tsaunuka da tsibirai ba su fara rubutu ba sai ƙarshen ƙarni na 18 ko bayan haka, harajin kwabo uku da aka ɗora wa kowace shigarwa daga 1783 zuwa 1794 ya sa matalauta ƙaurace wa rajista, sannan rabuwar da cocin ƙasar ta yi a 1843 ta kwashe ɗimbin jama'a zuwa wasu littattafan dabam. Waɗanda masu filaye suka kora daga gonakinsu don a saki tumaki, kamar yadda aka yi a yankin Strathnaver na arewacin Sikotlan a 1814 da 1819, sau da yawa sai a jerin masu haya ko na fasinjojin jirgin ruwa ake cin karo da su.

Ƙidayar jama'a ta Sikotlan ba ta taimake mu wajen gano ƙauye ba, domin a gurbin wurin haihuwa kalma ɗaya aka rubuta: Ayilan. Abin da ya warware mana ƙulli shi ne littafin masu neman taimakon talakawa na Glasgow, wanda ke ajiye a ɗakin karatu na Mitchell. Tun bayan dokar 1845, duk wanda ya zo neman agaji sai jami'i ya titsiye shi da tambayoyi, domin a san gundumar da nauyinsa ya rataya a kanta: ina aka haife ka, su wane ne iyayenka, a waɗanne gidaje ka zauna, nawa kake samu. Mutumin da muke nema ya je can a wata shekara da ciwon ƙirji ya hana shi aiki, kuma a shafin da aka rubuta ƙasƙancinsa, da tawadar da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, muka ga sunan gundumar cocinsu a Donegal. Na san akwai iyalai da ke jin kunyar a ce kakansu ya nemi sadakar hukuma, har su ƙi buɗe irin wannan littafi. A ganina kuskure ne babba, domin babu wata takarda da ta saurari bakin talaka dalla-dalla kamar wannan.

Da muka ƙetara zuwa Ayilan sai muka ci karo da maganar da kowa yake yi, cewa takardun ƙasar duk sun ƙone. Akwai gaskiya mai ɗaci a ciki. Ranar 30 ga Yunin 1922, a farkon yaƙin basasa, wuta da fashewar nakiya suka cinye gidan adana takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin, takardun shekara ɗari bakwai suka tashi sama, ƙonannun shafuka suka yi ta sauka a titunan birni. Ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851 ta salwanta in ban da gutsattsari, haka wasiyyoyi masu yawa, haka littattafan gundumomi kusan dubu ɗaya na cocin Angilika ta Ayilan. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙidayar 1861 zuwa 1891 ba wuta ce ta ci ta ba, gwamnati ce da kanta ta lalata ta tun kafin gobarar. Wannan asara ta faɗa daidai kan zamanin da aka fi bukata, domin babbar yunwar da cutar dankalin turawa ta haddasa daga 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗaya, kuma ƙidayar 1841 ce ta rubuta mutum sama da miliyan takwas gida-gida kafin bala'in ya sauka.

Amma cewa komai ya ƙone ba daidai ba ne, kuma wannan magana ta sa mutane da yawa sun yanke ƙauna tun ba su ɗaga ƙafa ba. Rajistar gwamnati, wadda ta fara da auren waɗanda ba Katolika ba a 1845, ta haɗe haihuwa da aure da mutuwar kowa daga 1864, tana wani ofishi dabam, ta tsira. Littattafan cocin Katolika ba su taɓa shiga wancan gini ba, suna hannun limaman cocin, kuma a 2015 babban ɗakin karatu na ƙasar ya ɗora hotunansu a intanet kyauta. Sai dai mai dubawa ya shirya wa Latin, domin James zai gan shi Jacobus, William kuma Gulielmus. Akwai littattafan zakkar coci na 1823 zuwa 1837, akwai kuma ƙiyasin filaye da Richard Griffith ya jagoranta, wanda aka buga tsakanin 1847 da 1864 domin a san harajin da za a ɗora wa kowa. Wannan ƙiyasi ya bi ƙasar lungu-lungu, yana faɗin mai zaune a fili, da wanda ya ba shi haya, da yawan eka, da darajar gida. An tsara shi ne bisa 'yan ƙananan yankuna da suke kira townland, waɗanda yawansu ya haura dubu sittin, wasu ba su wuce gidaje biyar ko shida ba. Wanda ya san sunan nasa yankin ya gama rabin aiki, wanda kuwa lardi kawai ya sani zai tarar da mutum ɗari masu suna irin na kakansa.

A gundumar da littafin Glasgow ya nuna mana, mutum biyu ne masu sunan mahaifin da muke nema. Sunan gidan matarsa ne ya raba gardama, domin ɗayansu yana maƙwabtaka da gidaje uku masu wannan suna, a kan 'yan ekoki na ƙasa mai duwatsu. Ban ce wannan hujja ce yankakkiya ba, kuma na gaya wa Mama haka, amma rajistar auren wani ƙanen kakan mahaifinta da aka yi bayan 1864 ta ambaci uba ɗaya da yanki ɗaya, sai zuciyarmu ta natsu.

Wannan ƙanen ne muka bi zuwa ƙidayar 1901 da ta 1911, waɗanda suka tsira kuma ana ganin su kyauta. Takardar da maigida ya cika ce da kanta ake gani, ba kwafi ba. A tasu, ɗan sandan da ya zo karɓa ne ya cika, maigidan ya yi alamar gicciye a wurin sa hannu. An rubuta cewa yana jin harshen Ayilan da Ingilishi, a wata takardar ta biyu kuma an nuna gidan mai rufin ciyawa ne, ɗaki biyu, taga biyu a gaba. Ta 1911 ta tambayi matan aure yawan 'ya'yan da suka haifa da waɗanda ke raye, matarsa ta ce tara, biyar suna raye. A 1901 shekarunsa hamsin da takwas, a 1911 sun zama saba'in da huɗu. Wannan tsalle ya cika ƙidayar, domin daga 1909 aka fara biyan fanshon sule biyar a mako ga wanda ya kai saba'in, kuma tun da babu takardar haihuwa kafin 1864, wasu sun ƙara, wasu kuma a lokacin ne suka fara lissafin shekarunsu da gaske. Wannan fansho ya bar wata garabasa: jami'ai sun riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851 don tabbatar da shekarun masu nema, kuma takardun da suka kwafe bayanan a kansu sun tsira daga gobarar da ta cinye asalin.

Game da gwajin ƙwayar halitta da ake tallatawa yanzu, yana da amfani wajen haɗa mutum da 'yan'uwa na nesa, amma ba ya faɗin sunan kaka ko ƙauyensa, kuma yana wahalar rarrabe ɗan arewacin Ayilan da ɗan yammacin Sikotlan, tun da jama'ar sun yi ta ƙetare wannan siririn teku tun kafin a zaunar da 'yan Sikotlan a Ulster, wato arewacin Ayilan, daga 1609. Takarda ce dai za ta fassara abin da gwajin ya nuna.

Mu dai iyakarmu mutumin nan na ƙiyasin Griffith, domin littafin cocin gundumarsu, kamar na wurare da dama a yammacin Ayilan, bai fara da wuri ba, kuma babu wata takarda da ta ambaci mahaifinsa. Mama ta rubuta sunayen da muka samu a bayan wani tsohon hoton babanta, da sunan yankin a ƙasa, ta ba 'yarta ajiya, ta ce ta neme su a ƙidayar 1926, wadda wa'adin rufe ta na shekara 100 ya kai zuwa Afrilun 2026, ta ga ko a lokacin akwai sauran mai kunna wuta a gidan nan mai taga biyu.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum