A Duba Yanayin Ƙasarmu Kafin a Koya wa Jama'a Lambun Bayan Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan lambun bayan gida, wanda maganarsa ta yawaita tun da tsadar kayan miya ta sa magidanci ya koma ƙirga tumatir ɗaya-ɗaya a gaban mai tebur. A shekarar 2024 uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar da gasar lambu a kowane gida, mu kuma da muka yi firamare a zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo ba mu manta da shirin ciyar da ƙasa na 1976 ba, lokacin da a makarantarmu aka yanka wa kowane aji nasa fegin a bayan azuzuwa. Kiran yana da kyau, kuma ina goyon bayansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne salon da ake ta yaɗawa yanzu a wayoyi, wato a gina fangali mai tudu da katako ko bulo, a cika shi da ƙasa da taki, a yi shuka a ciki. Shekara shida ke nan ina wannan aiki a gidana a nan Kano, na kuwa ci moriyarsa, amma na lura yawancin masu koyar da shi sun kwaso darasin ne daga ƙasashen sanyi, ba su tsaya sun tambayi abin da ranar watan Afrilu za ta yi wa tudun ƙasa ba.

A Ingila ko Amurka, mai lambu yana ɗaga ƙasarsa ne domin ta yi saurin ɗumi bayan hunturu, ruwa kuma ya tsane daga cikinta da wuri. Mu a nan ɗumi ba abin nema ba ne, kuma wata takwas na shekara fafutukarmu ita ce yadda ruwa zai zauna a gindin shuka. Manominmu ya daɗe da sanin wannan bambanci. Da damina yana yin kunya, ya ɗora shukarsa a bisa tudu don kada ruwa ya kwanta mata. Da rani kuwa, duk wanda ya bi ta Kura ko Kadawa zai ga manoman da ke shan ruwan madatsar Tiga sun yanka gonakinsu fangali-fangali, kowane ɗaya da ɗan gefe kewaye da shi, ana sako ruwa ya cika shi ya nutse a hankali. Mutum ɗaya ne, gona ɗaya, amma yana sauya siffar ƙasa gwargwadon lokaci. Wannan ilimin ne nake ganin an bari a baya da aka shigo da darasin cikin gari.

Duk da haka, akwai gidajen da ginannen fangali shi ne kaɗai mafitarsu. Yawancin gidajen birni an shafe tsakar gida da siminti, inda ba a shafe ba kuma, da ka kafa fartanya sai ka ji ta ƙwal a kan ɓaraguzan gini da fasassun kwalabe. A watan Agusta kuma, lokacin da ruwa ke kwana a bayan gida, shukar da ke ƙasa sai ganyenta ya yi rawaya saiwarta ta ruɓe, wadda ke bisa tudu kuwa tana nan kore shar. Ga kuma sauƙin da dattijo irina yake samu, domin ina zama a kan gefen bulo in cire ciyawa ba tare da na duƙa ba.

Kuskurena na farko katako ne. Na ga hoto, na sa kafinta ya haɗa mini akwati mai kyan gani, kafin damina ta biyu ta fita gara ta cinye shi daga ciki, har wata safiya na jingina gwiwa sai gefen ya burme, ƙasar ta zubo mini a ƙafa. Daga nan na koma bulo. Jeri biyu na bulo mai inci tara ya ba ni tsayin kusan ƙafa ɗaya da rabi, wanda ya ishi saiwar attaruhu da kuɓewa, alayyafo da latas kuwa jeri ɗaya ma ya wadatar da su. Faɗin kada ya wuce ƙafa huɗu, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe, ba sai an taka ƙasar an danne ta ba. A jerin ƙasa sai a bar ƴan kafofi tsakanin bulo da bulo don ruwa ya fita, musamman in a kan siminti aka ɗora. Ina kuma jan hankalin masu gidan ƙasa da babbar murya: kada a jingina fangalin da katanga. Wani maƙwabcina ya yi haka don ya rage kuɗin bulo, danshi ya riƙa cin gindin katangar a ɓoye, da ruwan Agusta ya zo sai ta zube cikin dare. Allah ya kiyaye ba kowa a kusa.

Abin da za a zuba a ciki ya fi ginin muhimmanci, kuma nan ne mutane suke gaggawa. Ƙasar juji tana da daɗi ga shuka, amma jujin birni na yau cike yake da leda da matattun batura da abin da ido ba ya gani, ga shi kuwa ganyen da zai fito bakin yaranka zai shiga. Ni ina haɗa kaso biyu na ƙasar gona da kaso ɗaya na ruɓaɓɓen takin tumaki ko na shanu, in ƙara ɓuntun shinkafa kaɗan in na ga ƙasar tana da laka, don kada ta daskare kamar tubali. Sharaɗin takin shi ne ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Na taɓa zuba ɗanyen kashin kaji saboda na same shi kyauta, na dasa tattasai da yamma, bayan kwana uku dukansu sun ƙone kamar an watsa musu ruwan zafi. Yanzu nakan tara takin a lungu, in riƙa yayyafa masa ruwa ina juya shi, sai ya yi wata biyu ko fiye kafin ya shiga fangali. Kuma ƙasar tana lotsawa kowace shekara, saboda haka duk ƙarshen girbi sai an ƙara.

Batun ruwa shi ne inda masu bidiyo suke yin shiru. Tudun ƙasa yana shan rana ta sama da ta gefe huɗu, ga bulon kansa yana ɗaukar zafi. Fangalina mai ƙafa huɗu da ƙafa goma yakan sha jarka guda mai lita 25 kowace rana a watan Maris da Afrilu, kuma wanda yake sayen ruwa a wurin ƴan garuwa ya san abin da wannan yake nufi a ƙarshen wata. Dabarar da ta cece ni ta manoman fadama ce: da rani ba na cika ƙasar har baki, ina barin kamar tafin hannu guda daga saman bulo, sai fangalin ya riƙe ruwa maimakon ya zubar, sannan in lulluɓe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa, in kafa rumfar kara mai shara-shara ta ɓangaren yamma. Mai ɗakina ce ta kawo shawarar a ajiye bokiti a wurin alwala, a kuma daina zubar da ruwan wankin shinkafa a kwata, kuma wannan kaɗai ya rage mana abin da muke saye. Ruwan wanki mai sabulu ne ba ma yarda da shi, domin yana ɓata ƙasa a hankali.

Dole kuma a gaya wa mutane gaskiya game da tumatir, tun da shi ne kowa yake fara tambaya. Lokacinsa a wurinmu sanyi ne, a yi reno a ƙarshen damina, a dasa a Oktoba ko Nuwamba, tare da latas da kabeji da karas da albasa. Idan zafin bazara ya shigo furensa kaɗewa yake yi, ganye ya yi ta yabanya ba ɗa, da damina kuma cututtukan ganye su dame shi. Ga tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma ba ta san bambancin gona da bayan gida ba. Wanda ya fara da tumatir a watan Mayu, lokacin da tsadarsa ta fi cizo, yawanci da-na-sani yake yi ya watsar da lambun gaba ɗaya. Da zai fara da alayyafo, ya gauraya irin da yashi ya yafa, cikin mako huɗu zai ci miyarsa. Yakuwa da rama da lalo da kuɓewa duk suna son damina, attaruhu kuma in ya kama yakan yi watanni yana ba da ƴaƴa. Kada kuma a maimaita tumatir da tattasai da gauta a fangali ɗaya shekara bayan shekara, domin dangi ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya tana jiran ɗan'uwansa a cikin ƙasa. Kaji da ƙadangaru kuwa tsohon gidan sauro ya ishe su, ɗan ƙwaron ganye kuma nakan fesa masa jiƙon dakakken ƴaƴan darbejiya da yamma.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta ware wa wannan batu ɗan gurbi a shafin noma, ko da sau ɗaya ne a wata. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, muna da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda, kuma masanan da ke wuraren nan sun san irin da ke jure zafinmu da watan da ya dace da kowace shuka. A tura wakili ya tambayo su, a buga mana da Hausa wata bi wata: abin da za a rena, abin da za a dasa, da abin da za a haƙura da shi sai baɗi. A kuma tambayi masu sayar da iri dalilin da ya sa ingantaccen iri yawanci sai a gwangwanin da aka yi domin mai kadada, alhali mai fangali biyu abin da yake bukata bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Wakilin kuma ya nemi jin ta bakin matan gida, domin a gidana dai ni na yi ginin, amma mai ɗakina ce take ban-ruwa safe da yamma, kuma ita ce ta fara gane cewa fangalin da ke kusa da madafa ya fi ɗayan saurin bushewa.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Kano.