Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a kan Littattafan da Zai Zaɓa wa 'Yarsa

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikata. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah, kuma mahaifiyarka tana gaishe ku da kyau.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne tambayar da ka yi mini game da littattafan yara masu hotuna, waɗanda kake son nema wa yarinyar nan ganin ta fara cewa "ba zan iya ba" tun kafin ta taɓa abu, in kuma ta gwada sau ɗaya ya ƙi, sai ta yi jifa da shi ta fashe da kuka. Na ga amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Da farko ka kwantar da hankalinka, domin yara da yawa sukan shiga wannan hali a daidai shekarunta, lokacin da idonsu ya fara gane tazarar da ke tsakanin abin da suke so su yi da abin da hannunsu ya iya. Littafi zai taimaka ƙwarai, amma ba kowane littafin da aka rubuta "yarda da kai" ko "juriya" a bangonsa ne zai yi aikin ba, wasu ma ina gudun su ƙara dagula lamarin.

Wanda na fi so ka yi hattara da shi shi ne littafin da babu komai a cikinsa sai kirari. Za ka gan shi da launuka masu ɗaukar ido, kowane shafi yana gaya wa yaro cewa shi gwani ne, shi na daban ne, babu abin da zai gagare shi a duniya, amma tun daga farko har ƙarshe babu wanda ya yi wani abu, balle wani abu ya ƙi shi. Iyaye suna son irinsa saboda yana faɗin abin da ke zuciyarsu game da 'ya'yansu, sai dai yarinyar da aka karanta wa shi da dare, gari ya waye maɓallin rigarta ya ƙi shiga, za ta tsaya tsakanin maganar littafi da abin da yatsunta suka shaida mata, kuma yatsun za ta gaskata. A shekarar 1998 wasu masanan halayyar ɗan Adam biyu, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun yi gwaji da 'yan aji biyar na firamare a Amurka. Bayan yaran sun warware wasu tambayoyi, sai aka yaba wa wasu da cewa suna da kaifin basira, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya kowa ya sha kaye, waɗanda aka yaba wa basirarsu su ne suka fi saurin karaya, suka fi gudun aiki mai wuya, har aikinsu na baya ya kasa na farko, alhali waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun ci gaba da fafatawa. Dalilin a fili yake: yaron da aka ce masa gwani yana da sunan da yake tsoron ya zube, don haka duk abin da zai iya tona masa asiri sai ya kauce masa.

To daga ina yarda da kai take fitowa? Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya yi bayani a 1977 cewa abin da ya fi komai sa mutum ya gaskata zai iya abu shi ne ya taɓa yin sa da hannunsa ya ga ya yiwu. Bayan wannan sai ganin wani mai kama da shi ya yi, sannan ƙarfafawar baki ta biyo baya, wadda ƙarfinta bai kai na waɗancan ba. Littafi ba zai ɗaura wa jikata takalmi ba, wannan aikin hannunta ne, amma zai iya ba ta na biyun, wato ta ga yarinya irinta ta sha wuya kafin ta iya. Saboda haka idan ka ɗauki littafi, kada ka tsaya a bango ko a shafin ƙarshe, ka buɗe tsakiyarsa. Yawancin littattafan nan shafi 32 ne, saboda yadda madaba'a take naɗe manyan takardu takwas-takwas ko sha shida-sha shida, don haka wuri ya yi wa marubuci kaɗan, kuma inda ya kashe shafukansa nan ne zuciyar littafin take. Ka ƙirga shafi nawa ya ba wahala. In matsalar ta zo a shafi ɗaya ta warware a na gaba, sauran duk tafi da murna ne, ka mayar da shi inda ka ɗauko.

Bari in kwatanta maka irin wanda nake nufi. A ce yarinya ce take son ɗaure igiyar takalminta da kanta. A hoton farko ta sunkuya, harshenta ya ɗan leƙo ta gefen baki, igiyar ta nannaɗe mata yatsa. Ka juya shafi, ƙullin ya warware tun kafin ta miƙe. Ka sake juyawa, takalmin yana can ƙarƙashin kujera inda ta wurga shi, ita kuma ta haɗa kai da gwiwa ta juya wa kowa baya, kuma mai zanen ya bar shafin nan kusan babu rubutu, domin fushin ya samu wurin zama. Wannan shafi shi ne mafi daraja a littafin, saboda a nan jikata za ta gane kanta, ta kuma ga cewa wanda ya ji haushi ya yi kuka bai fita daga labari ba tukuna. Daga nan sai yarinyar ta zauna ta lura da yadda yayanta yake yi, ta ga ashe yakan danne tsakiyar da babban yatsa, ta gwada haka, ƙullin ya fito a karkace amma ya riƙe. Ka lura da abu biyu a nan: ta sauya dabara, kuma ta koya daga wani. Littattafai da yawa suna nuna juriya kamar maimaita abu ɗaya ne da ƙarfin tsiya har sai ya yiwu, alhali wannan ya fi kusa da taurin kai. Naci mai amfani yana tafe da tunani, da tambaya, da hutawa a dawo, kuma neman taimako ba ya rage wa yaro komai.

Haka nan ka guji labarin da wani abin al'ajabi yake saukowa ya warware matsala, ko a gano a ƙarshe cewa ashe yaron yana da wata ɓoyayyiyar baiwa da ta fi ta kowa. Irin wannan yana da daɗin ji, kuma ban hana a karanta shi don nishaɗi ba, amma babu abin da yaro zai ɗauka a ciki ya yi aiki da shi gobe. Ba kuma lallai ne kowane labari ya ƙare da zuwa na ɗaya ba. Ina matuƙar son littafin da yaro ya shiga tsere ya zo na ƙarshe amma ya kai layi, ko ya yi zane bai yi kyau ba ya ɗauko wata takardar, domin ranakun da ɗan Adam yake yin ƙoƙari ba tare da kowa ya tafa masa ba sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Game da kyawawan ɗabi'u, irin su gaskiya da tausayi da riƙon amana, akwai abin da ya kamata ka sani, domin ya saɓa wa abin da yawancinmu muka ɗauka. A 2014 Kang Lee na Jami'ar Toronto a Kanada da abokan aikinsa sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 7. Sukan bar yaro shi kaɗai da abin wasa a ɓoye, a ce kada ya leƙa, sannan a karanta masa labari kafin a tambaye shi ko ya leƙa. Labaran da maƙaryaci yake gamuwa da mummunan ƙarshe, kamar na makiyayin da ya riƙa ihun ƙarya cewa dabbar daji ta faɗa wa garkensa, ba su ƙara wa yaran faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne labarin da ake bayarwa na George Washington, shugaban Amurka na farko, yana yaro, inda ya amsa cewa shi ya sare itacen mahaifinsa, mahaifin kuma ya nuna farin ciki da gaskiyar da ya faɗa. Da masu binciken suka juya wannan labarin ya koma kan horo da sakamakon ƙarya, sai tasirin ya ɓace. Abin da na fahimta shi ne, tsoratarwa tana koya wa yaro ya iya ɓoye laifi, amma in ya ga an faɗi gaskiya an kuma karɓe ta hannu biyu, sai ya samu ƙarfin halin faɗin tasa. Don haka ka nemi littafin da yake nuna ana aikata alherin, da yadda fuskar wanda aka yi wa take sauyawa, fiye da wanda yake lissafa azabar mai mugun hali. In kuma ka tarar an rubuta darasin labari ɓaro-ɓaro a shafin ƙarshe, ba dole ne ka karanta mata shi ba. Labarin da ya yi aikinsa ba ya bukatar a sake yi masa wa'azi.

Kada ka raina hotunan. Tun a 1658 da wani malami ɗan ƙasar Czech mai suna Comenius ya fitar da littafinsa mai hotuna a birnin Nuremberg na Jamus, hujjarsa ita ce yaro ya ga abu da ido kafin a ɗora masa sunansa, kuma har yau haka lamarin yake: kai kana karanta rubutu, ita tana karanta zane, kuma sau da yawa za ta ga abin da ya wuce ka. Saboda haka ka duba wa ake zanawa a matsayin wawa ko mugu, wa kuma ake zanawa yana warware matsala, ka duba ko 'yan mata suna yin wani abu ko kallo kawai suke yi daga gefe. Wata malama a Jami'ar Jihar Ohio, Rudine Sims Bishop, ta rubuta a 1990 cewa yaro yana bukatar littafin da zai zame masa madubi ya ga kansa, da wanda zai zame masa taga ya hango rayuwar wasu. Ka haɗa mata duka biyun. Yarinyar da ba ta taɓa ganin mai kamarta a tsakiyar labari ba za ta iya ɗauka cewa jarumta ta wasu ce, wadda kuma ba ta taɓa ganin kowa ba sai irinta, tausayinta ba zai yi nisa ba.

Saura yadda za ka karanta, wanda a ganina ya kai zaɓen littafin muhimmanci. Ka zaunar da ita a jikinka yadda za ta ga shafin sosai, ka bar ta ta riƙa juyawa da kanta ko da za ta haɗa biyu. In kun iso inda abu ya ƙi yarinyar labarin, ka dakata, ka tambaye ta me take gani a fuskarta, me take tsammani za ta yi yanzu, sannan ka yi shiru ka jira amsa ko da ta daɗe. Wani mai bincike, Grover Whitehurst, da abokansa sun nuna tun 1988 cewa yaran da iyayensu suke karatu da su ta hanyar tambaya da sauraro sun fi saurin buɗe baki da yawan kalmomi a kan waɗanda ake karanta wa kawai suna ji. Sai dai kada tambayar ta koma jarrabawa, in ka ga ta ƙosa ka ci gaba da labari. Za ta nemi littafi ɗaya dare bayan dare har ka haddace shi, kada ka gaji, domin a maimaicin nan ne take mallakar labarin, kuma littafi biyar da aka karanta har bangonsu ya yi laushi sun fi hamsin da aka jera don ado.

Akwai kuskure guda da nake roƙonka da babbar murya kada ka yi, wato ka mayar da littafin sandar duka. Ranar da ta kasa wani abu ta fara kuka, kada ka ce mata, "Ba ki ga ita waccan ta iya ba?" Da zarar ka yi haka, yarinyar labarin ta tashi daga ƙawa ta koma kishiya, kuma jikata za ta tsani littafin. Abin da ya fi shi ne ka bari kukan ya lafa, sannan ka ce, "Kin tuna ita ma sai da ta wurga takalmin? Me ta yi bayan nan?" Ka bar ta ta faɗa da bakinta, ka kuma riƙe hannunka kada ka karɓe aikin ka ƙarasa mata don kana sauri. In ta samu ya yiwu, ka ambaci abin da ta yi daidai, ka ce ka ga yadda ta sake riƙo da ɗaya hannun, maimakon ka ce mata gwana kawai.

Kai ma kana cikin abin da take karantawa. A 2017 masu bincike a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka sun nuna cewa jarirai 'yan wata 15 da suka ga babba yana ta fama da wani abu kafin ya samu ya buɗe shi, sun fi naci a kan nasu abin wasan fiye da waɗanda suka ga babban ya yi nasa cikin sauƙi. Don haka in wani gyara ya ƙi ka a gida, kada ka kore ta daga wurin, ka bar ta ta ga ka gwada ya ƙi, ta ji ka ce bari ka sake ta wata hanya. Kada kuma ka bar wa mahaifiyarta karatun nan ita kaɗai da sunan aiki ya yi maka yawa, domin minti goma kafin barci ba zai gagare ka ba, kuma yarinya tana bukatar ta ji waɗannan labarai da muryar mahaifinta.

Kafin ka sayi kowane littafi, ka tsaya ka karanta shi kai kaɗai daga bango zuwa bango, abin da ba zai ɗauke ka minti biyar ba. In kun fara, ka rubuto mini abin da take faɗa idan kun iso shafin da abu ya ƙi, domin daga amsarta za mu san irin littafin da ya kamata a nema mata na gaba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan jikata. Allah ya yi muku albarka, ya raya ta bisa tafarki nagari.

Mahaifinka.