Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Zaman Sauraro Kan Tarihin Kronos Quartet

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin ayyukan ƙungiyarmu ta masu sauraro da nazarin kiɗa na shekarar 2024. Kamar yadda babban taro ya amince, mun keɓe zamanmu na wata-wata ga tarihin rukunin makaɗa guda ɗaya, Kronos Quartet na Amurka, saboda ya zo daidai da bikin cikarsu shekara 50. Ga waɗanda suka shigo daga baya, makaɗa huɗu ne: biyu suna goga biyolin, wato gogen Turawa, ɗaya biyola, wadda ta ɗan fi biyolin girma, ɗaya kuma celo, babban nan da ake kafawa tsakanin gwiwoyi. Babu ganga, babu mai tsayawa gabansu yana kaɗa sanda.

Mun fara daga tushe. A 1973 David Harrington ya ji wani kiɗa a rediyo mai suna Black Angels, wanda George Crumb ya rubuta a 1970 ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Jin sa ne ya sa ya kafa rukunin a birnin Siyatil. Da muka saka shi, wasu dattawanmu suka ce wannan ai kukan ƙwari ne. Ba su yi kuskure ba, domin Crumb da kansa da ƙwari ya kwatanta sashen farko. Daga baya dai aka nutsu aka saurara har ƙarshe.

Abin da kwamiti ya fi so mambobi su riƙe shi ne yadda Kronos suke samun abin kaɗawa. Rukunoni irin nasu yawanci kiɗan tsofaffin masu tsara kiɗa na Turai, su Haydn da Beethoven, suke maimaitawa. Su kuwa tun farko suka ɗauki hanyar neman mai tsara kiɗa da ke raye, su ba shi aiki, su biya shi. Na farkon da Harrington ya ba aiki malaminsa ne, Ken Benshoof, kuma da ƙunshin donat ya sallame shi, don abin da ke hannunsa ke nan. Yau sababbin kiɗe-kiɗen da aka rubuta ko aka sake tsarawa dominsu sun haura 1,000. A 1978 suka koma San Faransisko, inda Harrington da John Sherba da Hank Dutt da Joan Jeanrenaud suka zauna tare har 1999, lokacin da Jeanrenaud ta bar kujerar celo. Terry Riley da Philip Glass da Steve Reich duk sun rubuta musu. Different Trains na Reich, na 1988, ya cinye mana zama guda saboda muryoyin waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi, waɗanda aka saƙa a cikinsa.

Zaman da ya fi cika shi ne na faifan Pieces of Africa na 1992. Masu tsara kiɗa bakwai ne daga nahiyarmu, cikinsu har da Obo Addy na Ghana, Foday Musa Suso na Gambiya mai kaɗa kora (wani irin molo mai tsirkiya da yawa), Hamza El Din ɗan ƙabilar Nubiya, Dumisani Maraire na Zimbabuwe da Justinian Tamusuza na Yuganda. An tafka muhawara. Wasu suka ce an ɗauki kiɗan Afirka an sa masa kwat da wando. Wasu suka ce a duba dai: sunan kowane mai kiɗa yana jikin aikinsa, da yawansu ma su suka kaɗa da hannunsu a faifan. Ra'ayin sakatare, in an yarda ya faɗa, yana tare da na biyun, musamman da muka bi shi da Ladilikan na 2017, wanda suka yi da Trio Da Kali na Mali, inda gogunan suka ja baya suka bar muryar Hawa Kassé Mady Diabaté da balafon, abin kiɗa na jerin katakai da ake bugawa da sanda, suka ja ragama. A bana kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka Pieces of Africa cikin jerin faifan da ake adanawa don tarihi.

A banan ne dai Sherba da Dutt suka yi ritaya, Gabriela Díaz da Ayane Kozasa suka gaje su, bayan Paul Wiancko ya karɓi celo a 2023. Cikin tsofaffin, Harrington kaɗai ya rage.

Ɓangaren kuɗi: ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro. A taƙaice, kuɗin wata yana shigowa da jinkiri, kuma gyaran lasifika ya ci kaso mai yawa.

Don baɗi, kwamiti yana gabatar da shawarwari biyu. Na farko, a sauko da rubutattun kiɗe-kiɗen shirin Fifty for the Future, guda 50 da Kronos suka ajiye kyauta a intanet, a ba matasanmu masu koyon biyolin. Na biyu, mu ma mu gwada: mu nemi mai goge ko mai kukuma, mu biya shi ya tsara mana sabon kiɗa, a ɗauka da sunansa. Wannan yana buƙatar ƙarin gudummawa, don haka za a kaɗa ƙuri'a a kansa. Duk mai bashin kuɗin wata ya ga ma'aji kafin ranar taro.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa