Amsa ga mai tambaya a kan gidan wasan La Scala

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A taron masu zanen gine-gine ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: wai La Scala, gidan wasan kwaikwayo na waƙa na birnin Milan a ƙasar Italiya da ake ta zuzutawa, me ya sa a hoton da ka gani fuskarsa ba ta da wani abin a-zo-a-gani? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, ga ta yanzu.

Idonka bai yaudare ka ba, fuskar ginin ba ta da hayaniya. Amma ka fara da tambayar wa ya biya kuɗin. A watan Fabrairun 1776 gobara ta cinye tsohon gidan wasan Milan. A lokacin birnin yana ƙarƙashin mulkin Austiriya, Sarauniya Maria Theresa kuma ta amince a gina sabo a filin wani tsohon coci, Santa Maria alla Scala, wanda aka rushe. Attajirai da 'yan sarautar da suka mallaki ɗakunan kallo a gidan da ya ƙone su ne suka zuba kuɗin, bisa sharaɗin kowa ya samu nasa ɗakin a sabon. Giuseppe Piermarini ya yi zanen, aikin ya ci shekara biyu, aka buɗe ranar 3 ga Agusta 1778 da wasan waƙa na Antonio Salieri.

To wanda ya biya kuɗin ɗaki, ɗakinsa yake so a ƙawata, ba bangon titi ba. Ɗakin nan kamar rumfa ce a kasuwa: ana saye, ana gada, ana ba da haya. Kowane iyali ya yi wa nasa ado yadda ya ga dama. A bayan kowanne, tsallaken baranda, akwai ɗan ƙaramin ɗaki inda barori ke ajiye riguna da shirya abinci. Ana cikin waƙa ana hira, ana karɓar baƙi, ana ƙulla aure da ciniki, a babban falo kuma ana caca.

Shi ya sa zauren yake da siffar kofaton doki, hawa huɗu na ɗakuna ɗaya bisa ɗaya, sai hawa biyu na masu ƙaramin ƙarfi can sama. Wanda ya zauna a ɗakin gefe sai ya leƙo da wuya kafin ya ga dandamali sosai, amma maƙwabcinsa na ɗaya ɓangaren tas yake ganinsa. Ɗalibaina kan ce wannan kuskuren zane ne. Ni ban yarda ba. Mutanen sun zo kallon juna ne, kuma Piermarini ya san waɗanda yake yi wa aiki.

Akwai kuma dalili na biyu. Filin da ake tsayawa a ɗauki hoton da ka gani, babu shi a 1778. Ginin yana kan matsattsen titi ne, ta gefe ake hango shi, sai a 1858 aka rushe gidajen da ke gabansa aka buɗe dandalin. Rumfar nan mai bakuna da ta turo gaba an yi ta ne don keken doki ya shiga ya sauke mai gida ba tare da ruwa ya taɓa shi ba.

Abin da ya ɗaukaka sunan gidan a ciki ya faru. Nan mai tsara waƙa Giuseppe Verdi ya fara nuna wasanninsa, Nabucco a 1842, da Otello a 1887. Wutar lantarki ta shigo a 1883. A Agustan 1943 bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka rufta rufin, amma ranar 11 ga Mayu 1946 aka sake buɗewa, Arturo Toscanini yana jagorantar makaɗa, alhali unguwanni da yawa na birnin suna kango. Daga 2002 zuwa 2004 an yi babban gyara, mai zanen gini Mario Botta ya ƙara sababbin gine-gine a baya da ke leƙowa ta saman rufi, mutanen Milan da dama suka yi ta ƙorafi. A nawa ganin, dandamali na zamani yana buƙatar wajen injuna, kuma gara a baya da a taɓa zauren.

Yau gidan yana ɗaukar mutum kusan 2,000, ana buɗe kakar wasanni kowace 7 ga Disamba. Ɗakunan sun daina zama mallakar iyalai tun shekarun 1920, hukunci kuma ya koma hannun masu tikitin araha na can sama, waɗanda suka haddace waƙoƙin kuma ba sa yi wa kowa kara. A Disambar 2006 suka yi wa mawaƙi Roberto Alagna ihu ana tsakiyar wasan Aida, ya fice daga dandamali, wanda ke jiran ko-ta-kwana ya shigo da kayan gida a jikinsa ya ƙarasa waƙar.

Idan ka sake neman hoto, nemi wanda aka ɗauka daga kan dandamali ana fuskantar 'yan kallo.

Na gode, a gaida gida.