Wasiƙar Godiya ga Ofishin Katin Shiga Gidajen Tarihi na Birnin Istanbul

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan sashen kula da katin Museum Pass İstanbul, a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido ta ƙasar Turkiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa yadda katinku ya amfane ni a ziyarar da na kai birninku a watan Yulin 2024, lokacin da na je bikin kammala karatun 'yata a jami'a. Na rubuta da Hausa ne saboda mutanenmu da yawa suna zuwa Istanbul, wanda kakanninmu ke kira Santambul, amma galibinsu ba sa wuce shagunan tufafi na unguwar Laleli, kuma ina so su san abin da ke 'yan mintoci kaɗan daga masaukinsu.

Ba zan ɓoye muku ba, da aka gaya mini farashin katin sai da na ja da baya. Yuro 105 ne, wanda a canjin wancan lokaci ya haura Naira dubu 160, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a Nijeriya a shekarar 2024. Ga tsohon malamin makaranta mai dogaro da fansho, wannan ba kuɗin da ake fitarwa ba ne ba tare da an yi shawara da aljihu ba.

Godiyata ta farko tana ga ma'aikaciyar da na tarar a tagar sayar da tikiti ta Gidan Tarihin Kayan Tono (wato kayan mutanen dā da aka tono daga ƙasa), wadda ban san sunanta ba. Na miƙa mata kuɗi, amma ba ta yi saurin karɓa ba. Ta tambaye ni, 'yata tana yi mana tafinta, kwana nawa zan yi a gari da kuma wuraren da nake son gani. Daga nan ta bayyana mini cewa katin na kwana biyar ne, kuma lissafinsa yana farawa daga lokacin da aka fara shiga da shi, cewa kowane gida sau ɗaya ake shigarsa, sannan Ayasofya da Fadar Dolmabahce da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa duk ba sa cikinsa. Ta ƙara da cewa idan wuri biyu kawai zan je, gara in sayi tikiti ɗai-ɗai, domin katin ba zai fitar da kuɗinsa ba. A iya rayuwata ban cika ganin mai sayar da kaya yana nuna wa mai saye inda kayan ba za su amfane shi ba, kuma wannan gaskiyar da ta faɗa ce ta sa hankalina ya kwanta na biya.

Ga yadda lissafin ya kasance. Tikitin Fadar Topkapi, haɗe da sashen iyalan sarki, farashinsa a lira, kuɗin Turkiyya, ya haura Yuro 40 a lokacin. Hasumiyar Galata Yuro 30 ce, Gidan Tarihin Kayan Tono Yuro 15, Gidan Fasahar Turkawa da Musulunci Yuro 17, sai Gidan Tarihin Kimiyya da Ƙere-ƙere a Musulunci Yuro 10. Idan aka haɗa, abin da katin ya rage mini bai kai a yi shela a kansa ba, domin da ƙyar ya wuce kuɗin abincin rana. Ribar da na samu tana wani wuri dabam. Da a kowace ƙofa sai na ciro kuɗi, na san halina: Topkapi kaɗai zan shiga, sauran kuwa in tsaya daga waje in mayar da farashin zuwa Naira, in ce wa 'yata mu wuce. Da yake na riga na biya gaba ɗaya, sai wannan ciniki da zuciya ya gushe, na riƙa shiga ko'ina domin kada kuɗina su tafi a banza.

Topkapi ce dalilin sayen katin tun farko. Sarki Muhammadu Fatih ne ya gina ta bayan ya ci birnin da yaƙi a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a 1924, bayan rushewar Daular Usmaniyya ta Turkawa (ba tamu ta Sakkwato ba, ko da yake suna ɗaya muke kiran su da shi). A cikinta akwai ɗakin amanoni masu tsarki, waɗanda aka fara tarawa bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Na ga takubban da aka jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na halifofinsa, da tsofaffin makullan Ka'aba da indararonta, da akwatin zinaren da aka ajiye mayafinsa a ciki, alhali alaramma yana gefe yana karatun Alƙur'ani ba ya yankewa. Na yi aikin Hajji, amma ban taɓa zaton zan tsaya taku biyu daga makullin ɗakin Allah a wata ƙasa ba. Na daɗe a wurin har 'yata ta taɓa kafaɗata ta ce, "Baba, mutane suna jira a bayanmu." Ranar nan layin sayen tikiti ya yi tsawo cikin zafin rana, mu kuwa binciken jami'an tsaro kawai muka jira, kuma ga mai shekaruna wannan ma wani rangwame ne da ba a rubuta a jikin katin ba.

Gidan da nake so in fi gode muku a kansa shi ne mafi arha a cikinsu, wato Gidan Tarihin Kimiyya da Ƙere-ƙere a Musulunci da ke lambun Gulhane, wanda aka buɗe a 2008 bisa ƙoƙarin marigayi Farfesa Fuat Sezgin. Ban taɓa jin labarinsa ba, kuma sunansa da na gani cikin jerin wuraren da katin ke buɗewa ne ya kai ni. Kayan cikinsa kwaikwayo ne da aka ƙera ta hanyar bin bayanan da ke cikin littattafan magabata: na'urorin auna taurari, da kayan tiyata, da agogon ruwa mai siffar giwa na Al-Jazari. Shekara talatin na yi ina gaya wa ɗalibai cewa malaman Musulunci sun yi nisa a lissafi da likitanci, ban taɓa samun abin da zan nuna musu da yatsa ba sai bayan na ajiye alli.

Gidan Fasahar Turkawa da Musulunci, wanda yake cikin fadar Ibrahim Pasha, wazirin Sarki Sulaiman, daura da Masallacin Sultan Ahmad, shi ma ya biya. Akwai dardumai tun na ƙarni na 13, da tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani da aka kawo daga Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, waɗanda na tsaya ina gwada rubutunsu da na allunanmu. A Gidan Kayan Tono na ga akwatin gawa na dutse da ake kira da sunan Iskandar, wanda aka tono a Sidon ta ƙasar Labanon a 1887. Hasumiyar Galata kuwa, wadda mutanen birnin Janowa na ƙasar Italiya suka gina a 1348, na hau na ga gari, amma da aljihuna zan biya Yuro 30 a ƙofarta da ban hau ba.

Ga 'yan uwana da za su je, ina ba da shawarar kada a fara amfani da katin sai an tsara kwanakin, a kuma tuna cewa ana rufe Topkapi ranar Talata. Wanda sari ya kai shi, kuma yini ɗaya kawai zai iya warewa, ya sayi tikitin Topkapi shi kaɗai, kamar yadda ma'aikaciyarku ta nuna mini.

Ina roƙon ku isar da godiyata gare ta da sauran masu tsaron ƙofofin da suka riƙa nuna mini wurin zama idan ƙafata ta gaji. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta daga Kano